Amsa ga mai son a ƙera masa sabon kwale-kwale

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kana son ka ba da aikin kwale-kwale a Yauri don kamun kifi da ɗan jigila, kana tambayar abin da za ka lura da shi. Na daɗe ina wannan harka a tafkin Kainji, kuma shawarata ta farko ita ce ka je da ƙafarka. Kada ka yi ciniki ta waya.

Ka zauna da maƙerin, ka gaya masa ruwan da za ka shiga da nauyin da za ka ɗora. Jirgin fadama da ake turawa da gwangwala daban yake da na tsakiyar tafki, inda iska ke tayar da igiyar ruwa. Na tsakiyar tafkin yana son faɗi da baki mai tsawo. In kana da niyyar ɗaura inji, ko da ƙaramin Yamaha ne, ka faɗa tun yanzu a ƙarfafa katakon baya.

Katako shi ne komai. Maɗaci da kawo suna jure ruwa. Rimi ba shi da nauyi kuma da araha, amma saurin ruɓewa gare shi. Abin da ya fi damuna shi ne ɗanyen katako: ranar karɓa za ka ga jirgi sumul, bayan ya sha rana sai allunan su tsuke, haɗin ya buɗe. Ka ɗaga allon ka ji nauyinsa, ka duba ko akwai tsaga ko hujin ƙwaro, ka nemi ƙusa marar tsatsa. Ka kuma tsaya a cusa auduga a haɗin, a bi da kwalta a gabanka.

Ka ba da kafin alƙalami, sauran kuɗin sai an jefa shi ruwa. Sabon jirgi yakan ɗan yi yoyo kafin katakon ya kumbura, wannan ba komai. Amma in ya karkata gefe guda alhali ba kaya, kada ka karɓa.

Don Allah ka tambayi maƙerin iyakar lodinsa, ka tsaya a kai. Mutanen yankin nan ba su manta da jirgin da ya tarwatse kusa da garin Warrah na jihar Kebbi a 2021 ba, da ɗimbin rayukan da aka rasa. Akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin tafkin nan tun da aka datse ruwan a 1968. Ka saka kuɗin rigunan kariya cikin lissafinka tun kafin ka biya na fenti.