Tambaya da Amsa: Saniyar Whitney ta hana ni sakat

Assalamu alaikum yaya. Kawuna ne ya aiko min da tsohuwar na'urar gem ta Nintendo DS daga Jamus da wasan Pokémon HeartGold a ciki, na ci bajo biyu lafiya lau amma da na zo garin Goldenrod sai wannan saniyar ta Whitney mai ba da bajo na uku, Miltank, ta tsaya min a wuya, Quilava, Pokémon ɗina na wuta, lebul 24 ne ita kuma 19 amma ita ke share ni kullum, ta fara birgima ta kashe duka yarana ɗaya bayan ɗaya. Abokina ya ce in koma daji in kai shi lebul 30. Haka ne? Ƙaninka daga Aboabo, Kumasi.

Wa alaikumus salam ƙanina. Toh kwantar da hankalinka, tun 1999 da wasan na asali, Gold da Silver, suka fito a Japan wannan saniyar take sa yara kuka, da aka sabunta wasan a 2009 ma ƙara mata wayo aka yi. Shawarar abokinka tana aiki amma ɓata caji ce kawai, ga wutar nan tamu da ba ta da alƙawari. Matsalarka ba lebul ba ce, wanda kake turawa gaba ne bai dace ba.

Birgimar nan sunanta Rollout, kuma ita ce duk labarin. Tana farawa da ƙarfi 30, in ta same ka sai ya ninka 60, 120, 240, na biyar 480, kamar kurar kaya da ta ƙwace wa mai ita a gangaren Kejetia, da farko yaro ma zai tare ta amma bari ta ɗau hanya. Kuma bugun dutse ne, dutse kuwa ninki biyu yake cin wuta da tsuntsu da ƙwaro, ka ga Quilava ɗinka da Pidgey ɗin da na san kana da shi duk abincinta ne. Amma tana da lago biyu da yara ba sa lura. In ta kuskure sau ɗaya tak lissafin ya koma 30. Sannan muddin tana cikin birgima a ɗaure take, ba za ta iya shan Milk Drink ba, wannan madarar da ke mayar mata da rabin jininta daidai lokacin da ka fara murna.

Saboda haka aikin Quilava a faɗan nan ba duka ba ne, hayaƙi ne. Ka sa shi ya yi Smokescreen sau biyu ko uku, in dai ba ka goge shi ba, idonta ya rufe, dama Rollout ɗin 90 cikin 100 take samu, da hayaƙi kuwa da wuya ta jera huɗu. Daga nan ka cire shi.

Wanda zai yi ainihin aikin yana nan cikin garin, kyauta ma. Ka sauka Route 34 ƙasan Goldenrod ka kama Drowzee, ka hau bene na 5 a babban kantin garin akwai wani mutum da zai karɓa ya ba ka Machop. Miltank nau'in Normal ce, abu ɗaya ne ke cin ta ninki biyu, shi ne nau'in faɗa, irin su Machop, kuma bugunta na Low Kick da nauyin abokin gaba yake lissafi, saniya kuwa ai ba kaza ba ce. Daɗin daɗawa Machop ɗin nan mace ce, sai ka ce waɗanda suka haɗa wasan da gangan suka ajiye ta a wurin. Dalili, Miltank tana da Attract, in naka namiji ne sai ya kamu da sonta ya tsaya yana kallo, rabin lokaci ba zai yi komai ba, kuma 7 cikin 8 na su Quilava maza ne. Mace kuwa ko a jikinta. Lebul ɗin Drowzee da ka bayar shi Machop za ta zo da shi, amma wanda aka samo ta musaya ya fi saurin girma, ka zaga da ita wajen masu faɗan kan hanya ta kai 18 ko 20 ya isa.

In kana da Geodude, Pokémon ɗin dutse, daga kogon Union Cave, musamman mace, ka tafi da ita, Stomp, wato takun da saniyar ke yi da ƙafa, da Rollout duk rabi suke mata, sai dai bugu na huɗu da na biyar ita ma kar ka yi mata ganganci.

Yanzu abin da yayyenka masu tsohon Gold za su gaya maka ya cuce ka. Za su ce ɗauki Gastly, fatalwa ce Stomp ba ya taɓa ta. Da can haka ne, a HeartGold saniyar tana da wata baiwa mai suna Scrappy, take fatalwa take yi. Kuma tana riƙe da ɗan itacen magani, Lum Berry, in ka sa mata barci ko ka sandarar da ita da Thunder Wave na Mareep na farko zai warke nan take, sai ka maimaita. Clefairy da Whitney take fara fitowa da ita ba wata tsiya, sai dai Metronome ɗinta caca ce, ka gama da ita da wuri kar ka ɓata jinin Machop a kanta. Ka sayi Super Potion ko uku, ka yi sebin a bakin ƙofa kafin ka shiga.

Yaya ni na ci ta amma ta ƙi ba ni bajo sai kuka take yi, kaset ɗina ne ya lalace? Ƙanwarka daga Nima, Accra.

Haha ƙanwata kaset ɗinki ƙalau yake, haka aka yi ta. Ki juya kamar za ki fita, ɗaya daga cikin 'yan matanta za ta tare ki ta ce ki yi haƙuri haka take in an ci ta, sai ki koma ki sake yi mata magana, za ta share hawaye ta miƙo miki Plain Badge har da kyautar Attract ɗin.