Digiri na biyu ko takardar CILEX: wanne ke ba da izinin aikin lauya a Ingila?

Tambaya: Ina zaune a Ingila, ina da digirin farko a fannin shari'a daga Najeriya, kuma ina aiki a matsayin mataimakiya a ofishin lauyoyi. Burina in zama lauyar da suke kira Chartered Legal Executive. Wata kwaleji ta ce in yi digiri na biyu, wato LLM. Shin zai kai ni ga wannan matsayi, kuma wa ke ba da takardar?

Amsa: Malama, digiri na biyu shi kaɗai ba zai kai ki ga wannan matsayi ba, domin wanda ke ba da digiri daban ne, wanda ke ba da izinin aiki kuma daban. LLM shaidar ilimi ce da jami'a mai ikon ba da digiri ke bayarwa, kuma tana da amfani ga mai son zurfafa sani a fanni guda ko shiga koyarwa. Amma matsayin da kike nema yana hannun cibiya ɗaya ce, wato CILEX (Chartered Institute of Legal Executives), wadda aka kafa a 1963 da sunan ILEX, ta samu takardar amincewar masarautar Birtaniya a 2012. Asalinta ƙungiyar manyan akawunan ofisoshin lauyoyi ce da ta faro a 1892, shi ya sa har yau tsarinta ya ginu a kan mutum ya yi karatu yana cikin aiki.

Tun 2021 babbar hanyar shiga ita ce jarrabawar ƙwarewa ta CILEX da ake kira CPQ, mai matakai uku. Mai digirin shari'a ba lallai ne ya fara daga matakin farko ba, domin ana ɗauke masa darussan da ya riga ya ci. Tunda naki digirin na wata ƙasa ne, ki aika wa CILEX takardar sakamakonki da jerin darussan da kika yi, su tantance, su rubuto miki matakin da za ki fara. Kada ki dogara da abin da mai tallata kwas ya faɗa miki da baki.

Abin da ya fi jarrabawar cin lokaci shi ne shaidar ƙwarewa a wurin aiki, kuma a nan ne aikinki na yanzu yake da daraja ƙwarai. Reshen da ke sa ido a kan mambobi, CILEx Regulation, yana buƙatar kundin ayyukan da kika yi da hannunki: wasiƙar shawara da kika rubuta wa mai neman taimakon lauya, bayanin ganawa, binciken da kika yi a kan wata doka, duk an goge sunayen mutane, sannan lauyan da ke kula da aikinki ya sa hannu ya tabbatar. Ina ba ki shawara ki fara tara su tun yau, domin tono fayilolin bara bayan shugabanki ya bar ofis wahala ce babba.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Dokar ayyukan shari'a ta 2007 ta keɓe ayyuka 6 da ba mai yin su sai da izini: tsayawa gaban kotu, gudanar da ƙara, shirya wasu takardun filaye da gidaje, takardun gado, aikin notari (tabbatar da sahihancin takardu) da rantsarwa. Cikakken mamban CILEX yana samun ikon rantsarwa kai tsaye, amma ikon gudanar da ƙara ko tsayawa gaban alƙali ko aikin gado izini ne na daban, kuma yana bin fannin da mutum ya ƙware a kai. Wannan ne babban bambancinsa da solisita (wani rukunin lauyoyin Ingila), wanda horonsa ya shafi fannoni da dama, kuma tun 2021 yake bi ta jarrabawar zama solisita da ake kira SQE da aikin shekara 2 a ƙarƙashin SRA, hukumar da ke sa ido a kan solisitoci. Duk da haka ba ƙaramin matsayi ba ne, domin mambobin CILEX suna zama abokan mallaka a kamfanonin lauyoyi, kuma a 2010 aka naɗa Ian Ashley-Smith alƙali na farko daga cikinsu.

Kafin ki biya ko sisi, ki tambayi kwalejin sunan hukumar da zai fito a kan takardar, domin sau da yawa kwaleji koyarwa kawai take yi, takardar kuma ta wata jami'a ce ko wata cibiya. Ki duba ko sunanta na cikin jerin makarantun da CILEX ta amince su koyar da CPQ. Idan kuma kina da niyyar komawa gida wata rana, ki sani wannan matsayi na Ingila da Wales ne kawai. A Najeriya ba a aikin lauya sai an bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi an kuma rantsar da mutum.