Farin wake ya fara fitar da baƙi-baƙi: waken gizo ne ya shige shi?

Tambaya daga wani manomi a Ejura, ƙasar Ghana: Shekara uku ina ajiye irin farin wakena. Bana na ga wasu tsirrai suna yaɗo fiye da kima, kwansonsu na fashewa tun a gona, 'ya'yan ƙanana masu duhu. Maƙwabta sun ce ya koma waken gizo.

Amsa: Malam, iri ba ya komawa daji haka kawai, garwayuwa ya yi. Waken gizo shi ne kakan waken gida, kuma har yau suna barbarar juna. A Kintampo masu tonon tarihi sun samu ƙonannen wake mai shekara wajen 3,800. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa abin da ya raba waken gida da na gizo 'yan halaye ne da manoma suka yi ta zaɓa: kwanso marar fashewa, ƙwaya babba, da fatar da ke shan ruwa nan take. Na daji fatarsa tauri gare ta, yakan kwanta a ƙasa har wata damina.

Wake yana barbarar kansa tun fure bai buɗe ba, shi ya sa garwayuwar ba ta da yawa. Mai ɓarnar shi ne babban baƙin ƙudan nan mai huda katako. A Kenya, a 2008, an gano yana iya nisan kilomita 6. Abin da ke rikita mutane kuwa, launin fatar ƙwaya na uwa ne. Wanda aka yi wa barbara bara fari tas za ka girbe shi, sai ka shuka shi bana duhun ya bayyana. Tsince baƙi a faranti kaɗai ba ya wanke iri.

Amma kafin ka zargi ƙuda, duba masussuka da buhunanka. Galibi a nan ake haɗa iri.

Ware wani yanki a tsakiyar gona domin iri, tazarar aƙalla mita 10 daga wani wake, ka nome waken gizon da ke bakin iyaka. Shiga sau uku: mako 2 zuwa 3 bayan tsirowa, gab da fure, da lokacin kwanso. Duk wanda ganyensa, yaɗonsa ko furensa ya bambanta, tumɓuke shi da saiwa. Shigar gab da fure ta fi muhimmanci. Idan tsirran da suka bambanta sun kai ɗaya cikin goma, a ganina kada ka wahala, nemi sabon iri daga dillali mai rajista, ko ka tuntuɓi cibiyar binciken amfanin gona ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, da ke Fumesua kusa da Kumasi.

Tambaya daga wata Hajiya a Aboabo, Kumasi: Zan iya shuka waken da na auno a kasuwa?

Amsa: Hajiya, zai fito, sai dai olonka ɗaya, wato gwangwanin awo na kasuwa, kan haɗa waken gonaki da dama, ba za su nuna tare ba. Jera ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, ki ƙirga bayan kwana 7. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, tukunya ta fi dacewa da shi.