Kumburin kuncin doki: kada a yarda a tsaga ta waje

Alhaji, sannu da jinya. Ka ce kumburin yana kunci, da tauri kamar goro, yana gocewa in ka danna, dokin kuma bai bar cin harawa ba, kana tambaya ko a yi masa sakiya. Duk mai turke a Maradi da ya taɓa ganin wannan ya san yadda yake hana barci. Don Allah kada a kai masa wuta ko aska.

Galibi dutse ne ya toshe hanyar miyau. Hanyar tana tasowa daga ƙasan kunne, ta zagayo ƙarƙashin muƙamuƙi tare da jijiyoyin jini, ta ɓulla cikin baki daidai haƙorin turmi na uku na sama. Ƙaiƙayin gero ko tsinken ciyawa ne ke shiga ta wannan ƙofa, farin ƙasa ya yi ta taruwa a kansa har ya zama dutse. Jakuna ma suna yi.

Masu tsagawa ta waje su ne ke ƙona mini rai. Mutum ya karɓi kuɗinka, ya fid da dutsen, ya ɗaga yana nuna wa jama'a, ya tafi. Kai aka bari da rami. Doki na zubar da miyau lita 30 ko fiye a yini, to duk sanda ya tauna sai ka ga ruwa na tsartuwa ta kunci, gashin wurin ya zube, ƙuda ya taru. Wani ramin ba ya rufewa sai likita ya ɗaure hanyar ko ya kashe tushen miyan gaba ɗaya. Dokin hawan salla fa!

Likitan dabbobi zai yi masa allurar kwantarwa yana tsaye, ya sa ƙarfen buɗe baki, ya tura dutsen daga waje, ya tsaga ta ciki ya zaro shi. Ba a ɗinkewa, in ya yi yoyo ma cikin baki yake zuba. Ka tuna masa allurar tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki. Bayan nan a riƙa wanke bakin da ruwan gishiri safe da yamma, a jiƙa dusa, a ajiye linzami sai ragama har ya warke.

Amma in kumburin da zafi, ko baki na wari, ko majina na fita ta hanci guda, a duba haƙori tukuna. Kuma yaron barga ya riƙa sheƙe geron nan kafin ya zuba.