Tseren Tattabaru: Guda Nawa Zan Ware, Wane Tsari Zan Bi?

Tambayoyin wannan makon duk na masu tattabaru ne, kuma ba masu kiwon 'yan shila don kasuwa ba, masu tsere.

Wani ɗan uwa da ke zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila ya rubuto cewa: "Na shiga ƙungiyar tseren tattabaru ta unguwarmu. Ina da guda 40 a ɗan ɗakin katako a bayan gida, ina fita aiki tun safe sai yamma. Guda nawa zan ware wa tseren bana?"

Malam, kafin ka ƙirga tattabaru, ƙirga akwatunan kwanciya da ke ɗakin, sannan ka ƙirga awannin da suka rage maka bayan aiki. Su ne za su faɗa maka adadin, ba burinka ba. A wajenku manyan tattabaru suna tsere daga Afrilu zuwa Yuli, sai haihuwar bana su karɓa daga Yuli zuwa Satumba. Galibi ana zuba su a kwando ran Juma'a da yamma, a sake su Asabar da safe. Ka ga runduna biyu ke gabanka ke nan, kowace da ɗakinta, da abincinta, da lokacin shawaginta.

Da ni ne kai, maza 10 zuwa 12 zan ware a manya, in bar akwati biyu ko uku babu kowa a ciki. Namijin tattabara yana son fili, in ɗaki ya cika sai faɗa da ƙura da numfashi mai nauyi, kuma tattabarar da ba ta jin daɗin gidanta ba ta gaggawar komawa. Na bana kuwa ka fara da 20 zuwa 25, domin su ne ake asara: shaho ya ɗauki wasu, wayar lantarki ta karya wasu, wasu kuma su bi garken wani su ɓata. Mutane kan manta cewa bayan mazan tattabarun da ke tseren akwai matansu da ke zaune a gida, akwai kuma iyayen da aka ajiye don iri. Maza 12, mata 12, iyaye 12, na bana 25, sun zama 61. In kowace ta ci giram 30 a rana, kusan kilo 2 ke nan kullum, ban da kuɗin zoben shaida na ƙafa da allura da kuɗin shiga tsere. Allurar cutar paramyxo, wadda dangin Newcastle ce ta kaji, wajibi ce a wajenku kafin tattabara ta shiga kwando, kada ka bari sai ƙurarren lokaci.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ka san kowace tattabara a hannunka. In ka ɗauki namiji ka ji ƙirjinsa ya cika kamar an hura, gashinsa na sulɓi, farin da ke saman hancinsa fes kamar alli, wannan ya shirya. In ka ji ƙashin ƙirjin ya fito, bar shi ya huta mako guda ko da shi ne gwaninka. Mai tattabara 12 yana iya taɓa su duka kafin ya kama motar aiki. Mai 40 sai dai ya leƙa ta ƙofa.

Ya kuma ƙara da cewa: "Dattawan ƙungiyar wasu na raba maza da mata, wasu na barin su tare. Wanne ya fi?"

Tsari biyu ne manya, kuma duka an gina su a kan abu ɗaya: me zai sa tsuntsu ya ƙagu ya dawo gida.

Na farko shi ne na zaman aure, wanda duk mai kiwo a Kano ko Zariya ya sani ko bai taɓa jin sunansa ba. Namiji da mace suna tare, ta yi ƙwai biyu, su yi kwanci kwana 18 ko kusa da haka, namiji ya karɓa da rana, mace ta kwana a kai. Ana tura su tsere suna kan ƙwai ko suna ciyar da ɗan shila. Macen da ta yi kwana 10 zuwa 14 a kan ƙwai, ko wadda ƙwanta ya fara tsagewa, za ta keta iska da ruwa ta dawo. Shi ya sa har yau wasu masu dogon zango, irin tseren Barcelona da ake yi a farkon Yuli wanda ya haura kilomita 1,000 ga mutanen Beljiyam, ba su yar da wannan tsari ba. Aibinsa biyu. Dole ka riƙa lissafin kwanakin kowane gida domin yanayin da kake so ya dace da ranar tsere, in ba haka ba sai ka tura mace tana dab da yin ƙwai, wanda zalunci ne. Sannan ciyar da 'yan shila yana cin jiki, yawan kwanci kuma yana sa gashin fiffike ya soma zuba da wuri. Manyan gashin fiffike goma ne a kowane gefe, suna zuba ɗaya bayan ɗaya daga ciki zuwa waje, in zubar ta kai na ƙarshe-ƙarshe to tseren wannan tsuntsu ya ƙare a shekarar.

Na biyu shi ne wanda nake kira gwauranci, kuma 'yan Beljiyam ne suka yi suna da shi. Ana haɗa su aure a ƙarshen sanyi, su rena ɗan shila, sai a kwashe matan zuwa wani ɗaki inda mazan ba sa ganinsu. Namiji ya zauna shi kaɗai a akwatinsa, ya fita shawagi awa guda da safe, awa guda da yamma, ya ci ya kwanta. Ran Juma'a a juya masa kaskon kwanciya, a kawo matar na 'yan mintoci. Za ka gan shi ya faɗa cikin kaskon ya kwantar da kai yana gurnani yana kiranta, ita kuma tana gyara masa gashin wuya. A daidai nan ake ɗauke shi a sa a kwando, ba a bari ya taka ta. Da ya dawo Asabar zai tarar da ita tana jira, a bar su awa ɗaya ko biyu gwargwadon wahalar da ya sha, a sake raba su. Bayan tsere uku ko huɗu ya gane wasan, ba ya ko tsayawa a kan rufi.

Ga mai aiki irinka gwauranci ya fi, domin kowace rana iri ɗaya ce da ta jiya, babu ƙirgen ƙwai. Hasararsa ita ce matan suna zaune suna ci ba sa tsere, alhali sau da yawa macen ta fi mijin. Akwai masu tura duka biyun, maza da mata a ɗakuna daban, su haɗu bayan an dawo. Yana ninka maka 'yan tsere ba tare da ƙarin baki ba, amma yana ninka aiki, kuma ranar da namiji ya riga dawowa ya tarar da akwati wayam, ka ɓata masa rai. Bar wannan sai shekararka ta uku.

Tambaya ta ƙarshe daga Kano take. Wasu samari ne masu kiwo a unguwa ɗaya suka ga labarin New Kim, macen tattabarar Beljiyam da aka sayar yuro miliyan 1.6 a 2020, bayan Armando da ya yi miliyan 1.25 a 2019. Suna so su fara tsere a tsakaninsu, suna tambaya ko su ma su riƙa rufe na bana a duhu kamar yadda suka gani a YouTube.

Samari, ku bar wannan. Turawa suna rufe ɗakin ne daga wajen Maris zuwa Yuni, su bar wa tsuntsaye hasken awa 9 ko 10, domin ranar bazararsu tana haura awa 16. Suna yaudarar jikin tsuntsu ya zaci sanyi ne, ya riƙe gashin fiffikensa har watan tsere. A Kano tsakanin rana mafi tsawo da mafi gajarta bai fi awa ɗaya da rabi ba. Ku rufe ɗakin kwano a zafin Afrilu, gawa za ku kwasa.

Abin da ya kamata ya dame ku shi ne iri. Tattabarunmu na gida suna dawowa daga bayan gari, amma ba a zaɓe su shekara da shekaru don dogon zango ba kamar na tsere. Ku gwada abin da ke hannunku tukuna. Kowa ya ware 6 zuwa 8, a kan tsarin zaman aure tunda shi kuka saba. Ku fara sakinsu daga kilomita 5, sai 10, sai 20, ta hanya ɗaya kullum, da sassafe, kafin a ba su abinci. In sun ƙware sai ku kai su Wudil ko Bichi. Ni da na zaɓa, Oktoba da Nuwamba zan sa tseren, ruwa ya ɗauke, hazo bai yi kauri ba. Na taɓa sakin guda tara da safiyar Janairu ina ganin hazon ba komai ba ne, huɗu suka dawo, ɗaya bayan kwana uku da ƙishirwa kamar zai faɗa cikin kaskon ruwa.

Wajen fitar da gwani kada ku ce wadda ta riga sauka, tunda gidajenku ba nisa ɗaya suke da wurin saki ba. Ku auna nisan kowane gida da taswirar waya, ku raba mitocin da mintocin da tsuntsu ya yi a sama. Wadda ta yi kilomita 42 a minti 35 ta yi mita 1,200 a minti ke nan. Kowane gida a sa mutum ɗaya daga wani gidan ya zauna da agogo, a kuma daidaita agogunan tun daren jajibiri.