Wayar Wata 24 Ga Ɗalibin Da Karatunsa Na Shekara Ɗaya Ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibi ne, ina digiri na biyu a ƙasar waje, kuma karatun na shekara ɗaya ne. Mako guda ke nan da na karɓi waya ta intanet a wani kamfanin sadarwa, za su riƙa cire kuɗinta da na layi daga asusuna duk wata har tsawon wata 24. In an tara kuɗin ya zarce abin da mai saye hannu da hannu zai biya. Shin wannan ƙarin riba ne? Abokaina sun ce kada tsawon lokacin ya dame ni, kowa rufe asusunsa yake ya tafi in ya gama, wai ma akwai mazhabar da ta halatta dukiyar waɗanda ba Musulmi ba a ƙasarsu. Sannan wasiƙun wanda ya zauna a ɗakin kafin ni ba su daina zuwa ba. Na buɗe biyu, na ga na bin bashin waya ne. Yaya zan yi da su?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba da sa'ar karatu, ɗana.

Ƙarin da ya tsorata ka ba riba ba ne. Sayar da kaya bashi a kan kuɗin da ya fi na hannu da hannu halal ne a wurin mafi yawan malamai, matuƙar an yanke farashi ɗaya tun wurin ƙulla ciniki, kuma a kan haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Jidda a 1990. Abu biyu kawai za ka duba a takardar. In kuɗin wayar rance ne da wani banki ya ba ka da kuɗin ruwa, ya fita daga babin ciniki. In kuma akwai tarar jinkirin biya a kan bashin wayar, majalisar ta ce riba ce, sai ka tabbatar asusunka bai taɓa zama wayam ranar cire kuɗi ba, a gaba kuma ka zaɓi yarjejeniyar da ba ta da wannan sharaɗi.

Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka lissafi ne: karatu wata 12, bashi wata 24. Ka sa hannu kana sane da cewa rabin lokacin ba ka ƙasar. To me ke zuciyarka lokacin da ka danna amincewa? Ba ka faɗa ba, kuma hukuncin a nan yake rataye. In niyyarka ka biya har ƙarshe ko daga ina, cinikinka lafiya lau. In kuwa maganar abokanka ta riga ta zauna maka, tun ranar da ɗan aike ya miƙo maka kwalin kake riƙe da abin da ka karɓa da yaudara. Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da nufin biya Allah zai biya masa, wanda ya karɓa da nufin salwantar da ita Allah zai salwantar da shi. Dukiyar mutane aka ce, ba a ware ta Musulmi ba.

Yanzu ga mazhabar da aka jingina wa maganar. Gaskiya ne Imam Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad ɗan Hasan sun tafi a kan cewa Musulmin da ya shiga ƙasar da ake yaƙi da ita zai iya karɓar dukiyar mutanenta ta cinikin da bai halatta a ƙasar Musulunci ba, har da na riba. Babban almajirinsa Abu Yusuf ya saɓa masa, haka Malik da Shafi'i da Ahmad, domin ayar haramta riba ba ta ambaci wuri ba. Hadisin da aka dogara da shi kuwa daga Makhul ya zo, tabi'i ne, wato bai riski Annabi (SAW) ba, kuma bai faɗi wanda ya ba shi ba, Shafi'i ma cewa ya yi bai tabbata ba.

Amma a ƙaddara ra'ayin ya inganta. Ina ya haɗu da abin da abokanka ke yi? Hanafawan da kansu sun gindaya sharaɗi: dukiyar ta fito da yardar mai ita, babu ha'inci. Littattafansu sun bayyana ƙarara cewa wanda ya shiga ƙasa da aminci haramun ne ya taɓa jinin mutanenta ko dukiyarsu, in kuma ya yi ha'inci ya fito da wani abu, ƙazamar dukiya ce da za a umurce shi ya rabu da ita. Kamfanin ya yarda ka tafi da wayarsa ne a kan rabin kuɗi? Ya yarda ne a kan wata 24. Bizar da ke cikin fasfonka ita ce amincin da malamai ke magana a kai: ka cika takarda, ka yi alkawarin bin doka, suka buɗe maka ƙofa. Balle ma kiran ƙasar da ta ba ka gurbin karatu, kake sallar Juma'a a cikinta ba mai tsangwamarka, ƙasar yaƙi, magana ce da mai yin ta zai sha wuya kafin ya kare ta. Abin mamaki, masu wannan fatawa ba sa tunawa da Abu Hanifa a alwala ko a aure, sai ranar da bashi ya taso.

Ka tuna ranar Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira. Urwatu ɗan Mas'ud, wakilin Ƙuraishawa, yana magana da Annabi (SAW) yana kai hannu ga gemunsa, Mugiratu ɗan Shu'uba na tsaye a kan Annabi da kwalkwali, duk sanda hannun ya miƙo sai ya buge shi da gindin kuben takobi. Da Urwatu ya gane ko wane ne, sai ya kira shi maha'inci. Dalili kuwa, a jahiliyya Mugira ya yi tafiya da wasu mutane, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo ya musulunta. Annabi (SAW) ya ce Musuluncin ya karɓa, dukiyar kuwa babu ruwansa da ita. Mushirikai ne masu dukiyar, amma sun amince wa Mugira a hanya, sai amincin ya haramta ta. Haka kuma da Annabi (SAW) zai yi hijira ya bar Aliyu a Makka ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu, alhali su ne suka kewaye gidansa.

Kada kuma a ce kamfani ne, ba zai ji a jikinsa ba. Wanda ke ji shi ne ɗalibin da zai zo baɗi, a ƙi shi ko a nemi ya ajiye kuɗin jingina saboda na gabansa sun gudu. A Ingila, alal misali, bashin da aka ƙi biya yana zama a tarihin bashin mutum shekara 6, kuma ba ka san ranar da aiki ko wani karatun zai mayar da kai ba.

Ka yi sa'a mako ɗaya kawai ka yi. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai wanda ya ƙulla ciniki ta intanet yana da kwana 14 na fasawa. In ƙasar da kake tana da irin wannan doka, shawarata ka mayar da wayar tun wa'adin bai cika ba, ka sayi wadda aljihunka zai ɗauka, ka sa mata layin da ake biya wata-wata ba tare da ɗauri ba. In ka fi son riƙe ta, sai ka tambaye su tun yanzu nawa ne kuɗin rufe yarjejeniya kafin lokaci, ka riƙa tara shi, ko ka bar asusun a buɗe da abin da zai isa sauran watannin.

Wasiƙun kuwa amana ce da ta faɗo hannunka. Buɗe su da ka yi kuskure ne, yana cikin binciken sirrin mutane da Suratul Hujurat ta hana, ka yi istigfari, kuma dokar ƙasashe da yawa tana hukunta hakan. Kada ka yaga, kada ka zuba a shara. Ka rubuta a bayan ambulan cewa mai sunan ya tashi daga wannan adireshi, ka jefa a akwatin gidan waya su mayar wa mai aikowa. Bashin ba ya hawa kanka don kana kwana a ɗakin. In kana da hanyar samun mutumin, ka gaya masa ana nemansa, tsakaninka da shi, ba a dandalin ɗalibai ba. Ka kuma dubi ambulan ɗin da kyau, irinsu ne za su riƙa zuwa da sunanka in ka bi abokanka.

Tun da muna kan batun, kada ka karɓar wa kowa layi ko waya da sunanka, komai kusancinku, domin duk abin da aka aikata da layin kai za a nema. Kada ka ba da adireshinka a aiko da ƙunshin da ba ka san abin da ke ciki ba. In za ka aika kaya ta gidan waya, ka rubuta haƙiƙanin ƙimarsu a takardar kwastan. Kiran kayan sayarwa kyauta ƙarya ce, ko da kowa na yi. Ranar da za ka bar ƙasar kuma ka cire lambar daga banki da WhatsApp kafin ka rufe ta, don kamfanoni na sake ba wa wani lambar da aka daina amfani da ita, ka kuma bar wa jami'a adireshin da takardar shaidarka za ta same ka.

Wallahu a'alam.