Tambaya da Amsa: Yini Ɗaya a Sakkwato Tare da Baƙuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Sakkwato, ina zaune a Mabera. Ƙawata ta tun makarantar kwana za ta zo daga Zariya bikin wata 'yar'uwarta, kuma ta yi mini alkawarin yini ɗaya cur kafin ta koma. Ba ta taɓa zuwa Sakkwato ba. Ita kasuwa ce a ranta, domin tana son kayan fata da tsarabar da za ta kai gida, ni kuma ina jin kunyar a ce ta zo birnin Shehu ta koma ba ta ga komai ba sai rumfuna. Ba mu da mota, kuɗin hannunmu ma ba su da yawa, amma zan iya musanya ranar aiki da wata abokiyar aikina in zaɓi ranar da ta fi dacewa. Yaya zan tsara wannan yini yadda kowaccenmu za ta samu abin da take so?

Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Abin da kike so da abin da ƙawarki take so ba su yi nisa da juna kamar yadda kike tsammani ba, domin a Sakkwato wuraren tarihi da unguwannin masu sana'a duk a cikin tsohon gari suke. Abin da zai iya ɓata muku yinin shi ne rana. Daga watan Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, kuma ko a lokacin hunturu tsakar rana ba lokacin yawo a ƙafa ba ne. Saboda haka ki raba yinin gida biyu: ku fita da sassafe ku dawo gida kafin azahar, ku huta, sannan ku sake fita bayan la'asar. Mutanen da suke ƙoƙarin cinye yinin a tafiya ɗaya sukan ƙare da ciwon kai da ɓacin rai, har su sayi abin da ba su so don kawai su samu su bar kasuwar.

Tunda kina da damar zaɓar rana, ki zaɓi tsakiyar mako. Juma'a ba ta dace ba, domin tun kafin azahar hanyoyin da ke kewaye da Masallacin Sarkin Musulmi Bello da Masallacin Shehu sukan cika da jama'a, masu sana'a da yawa kuma sukan tashi da wuri. Asabar da Lahadi kuwa za su iya hana ku shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu, wanda ma'aikatar gwamnati ce.

Ku fara da Hubbare, tun hantsi bai ɗaga ba. Nan ne gidan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan ya taso daga Sifawa a 1815, a nan ya rasu a 1817, kuma a nan aka binne shi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ma tana kwance a wurin, kuma ina ganin wannan kaɗai ya isa ya sa mata biyu da suka yi karatu su tsaya su yi mata addu'a, domin ita ce ta kafa tsarin 'yan taru, inda shugabannin mata da ake kira jaji suke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Ku sa hijabi na sosai, ku sa takalmin da ba shi da wahalar cirewa, ku bi abin da masu kula da wurin suka ce game da inda mata suke tsayawa, kada kuma ku ɗaga waya don ɗaukar hoto sai kun nemi izini. Ku riƙe 'yan canji don sadaka, domin za ku tarar da mabuƙata a ƙofa. Idan ƙawarki ta tambayi kabarin Muhammadu Bello, wanda ya gina birnin a 1809, ki gaya mata yana Wurno, inda ya rasu a 1837, kuma wannan tafiya ce ta wata rana daban wadda sai an tambayi halin hanya kafin a yi ta.

Daga Hubbare fadar Sarkin Musulmi ba ta da nisa. Kallon ƙofar fada da dogarai da masallacin da ke kusa da ita ya wadatar. Ba a kutsawa ciki ba tare da an yi wa mutum iso ba, kuma babu dalilin ɓata lokaci wajen neman hakan.

Daga nan ne za ki ba ƙawarki nata rabon, kuma a nan nake so ki fi ba da lokaci. Maimakon ku nufi kasuwa neman kayan fata, ku nemi shiyar Maɗunka, inda ake yanka fatar ana ɗinka ta a gaban idon mai saye. Fatar jan akuyar Sakkwato tsohuwar haja ce: ita ce fataken Sahara suka riƙa kaiwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko saboda ta can ta biyo. Majema suna jeme ta da bagaruwa, jan launin gargajiya kuma daga karan dafi ake samunsa. Amfanin saye a hannun mai yi ya wuce sauƙin farashi. Zai gwada mata takalmi ya ƙara huda ko ya rage maɗauri nan take, idan hannun jaka ya yi mata gajere ya sauya shi, kuma zai gaya mata gaskiya idan ta tambaye shi wace fata ce. Tambayar tana da muhimmanci, domin yanzu ana haɗa kaya da roba mai kama da fata, har a wuraren da ba a zata ba. Ta juya bayan abin ta duba: fatar gaskiya bayanta yana da kaushi da 'yan zaruruwa, tana da warin jima, kuma fuskarta ba ta zama iri ɗaya sumul daga gefe zuwa gefe, ita kuwa roba bayanta yadi ne. Ta ja ɗinkin kaɗan ta ga ko zare ne ya riƙe shi ko gam. Ta kuma goga farin ƙyalle mai ɗan laima a kan jan, domin wani rinin yana zuba, kuma farar shadda ba ta yafe wannan. Idan tim-tim take so, ta saye shi ba tare da an cusa masa komai ba, ta naɗe shi a cikin akwati, in ta isa Zariya ta cika shi. Gafaka da alabe kuwa tsaraba ce mai kyau ga maza, kuma ba su da nauyi.

Idan da sauran ƙarfi, Maƙera Assada tana cikin tsohon garin, kuma ko ba a sayi komai ba, ganin maƙera a bakin zuga abin kallo ne. Amma da a ce zaɓi ɗaya za ku yi tsakaninta da gidan tarihi na Waziri Junaidu, da gidan tarihin zan tura ku, domin a cikin inuwa yake, ga shi lokacin rana ta fara zafi. An sa masa sunan Waziri Junaidu ne, malamin da ya riƙe wazircin Sakkwato daga 1948 har rasuwarsa a 1997, kuma a ciki akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, da wasiƙu, da kayan yaƙi da na sarauta. Ku roƙi wani ma'aikaci ya zagaya da ku, musamman ya ba ku labarin ranar da sojojin Ingila suka ci birnin a filin Giginya a watan Maris na 1903, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da ta ƙare a Burmi. Idan ba mai bayani, baƙo takardu kawai zai gani a cikin gilashi.

Azahar ta same ku a gida. Ki tanadi fura da nono mai sanyi da abincin da kika dafa tun dare ko da asuba, domin wannan zai rage muku kashe kuɗi, kuma a wannan hutun ne za ku yi hirar da ta haɗa ku tun farko, wadda ba ta yiwuwa a cikin keke napep.

Bayan la'asar sai kasuwa, kuma ki sa ta rubuta abin da take nema tun kuna gida. Babbar kasuwar Sakkwato ta yi mummunar gobara a watan Janairun 2021, don haka kada ki dogara da inda kika san wata rumfa a da. Ki tambayi wata maƙwabciya mai yawan shiga kasuwa inda masu atamfa da shadda suke a yanzu. Ra'ayina dai shi ne mutumiyar Zariya ba ta da dalilin ɗaukar atamfa daga Sakkwato alhali Kano na kusa da ita. Abin da ya cancanci ɗauka shi ne abin da ƙasar nan take nomawa: albasa, da tafarnuwa irin ta Wurno, da shinkafa 'yar gida daga fadamun Rima. Ta sa su a buhu daban, nesa da tufafi da kayan fatar. Kilishi shi ne sayayyar ƙarshe, a ɗanɗana kafin a biya, a kuma sa a naɗe shi a takarda, domin leda tana sa shi gumi. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, saboda tiransifa takan maƙale a daidai lokacin da ake gaggawa, kuma kowacce ta raba kuɗinta wuri biyu. Ku yi cinikin kuɗin keke kafin ku hau. Da kaya a hannu, keke ya fi muku kabu-kabu.

Idan kun gama da wuri, ku bar kayan a gida ku bi hanyar jami'a zuwa gadar Kwalkwalawa, ta ga gulbin Rima da masu noman fadama da masunta. Ku juyo kafin magariba.

Tambaya: Anti, ina wuni. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ranar da ba mu da lacca mukan shiga gari da abokina mu zaga kasuwa. Matsalata da shi biyu ce. Yakan taya kayan da ya san ba zai saya ba, in an sallama masa sai ya yi dariya ya wuce, ni kuma kunya ta kama ni. Sannan kusan kullum ni nake biyan kuɗin abin hawa da na abinci, shi kuwa sai ya ce ba shi da canji. Ba na so mu ɓata. Me zan yi?

Ɗalibi daga Dundaye

Amsa: Lafiya lau, ƙanena. Kunyar da kake ji tana kan hanya. A kasuwar Hausa tambayar farashi kyauta ce, kowa yana iya cewa nawa ne ya wuce abinsa, amma tayi magana ce da mutum ya ɗaura wa kansa. Idan ka taya, mai kaya ya ce albarka, kana da damar ƙarawa ko ka tafi. Idan kuwa ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa, kuma juya baya a wannan lokaci wulaƙanci ne ga mutumin da wataƙila ya bar wani mai saye na gaske ya tsaya da kai. 'Yan kasuwa suna riƙe fuska, kuma ranar da kai za ka zo sayen gaske su tuna da wanda kake tafe da shi. Ka gaya masa haka a ɗaki, ba a gaban mai rumfa ba, ka ce masa idan kallo kuka fito yi ku tsaya a tambayar farashi.

Maganar kuɗi kuwa tun kafin ku bar makaranta ake gama ta. Ka ce masa yau ga abin da ke aljihunka, kowa ya kawo daidai a haɗa na mota da na abinci a hannun mutum ɗaya, abin da ya saura a raba da yamma. Idan da gaske ba shi da hali, za ka gane daga yadda zai amsa, kuma a nan kai ne za ka yanke ko za ka ɗauke masa da zuciya ɗaya ko ku rage fitar. Idan kuma ya sake cewa ba shi da canji, masu POS suna ko'ina a bakin hanya, ku tsaya ya ciro nasa kason kafin ku tari abin hawa.